Tawadar Allah ko Tabo

Jawabin da Malam Hambali ya yi ranar sadakar arba'in ta Badaru maƙerin fari, wato mai ƙirar azurfa, a ƙofar gidansa a Birnin Kudu, shekara ta 1291 bayan Hijira.

Da sunan Allah muke farawa, Shi da ya ba mu aron Badaru, ya kuma karɓi abinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wakilin Sarkin Kudu, ranka ya daɗe. Malam Liman, Allah ya gafarta malam. Sarkin Maƙera da dattawan sana'a, Allah ya ƙara girma. Baƙinmu na Gwaram da Sara da Zandam, sannunku da hanya. Inna A'i, matar mamaci, da kike jin mu daga bayan danga, Allah ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'yanki.

An ce ni zan yi magana, don shekara goma sha ɗaya ina zama a maƙerarsa, ina rubuta abin da ya faɗa kowace rana. Ban tabbata hakan ya sa na san shi ba. Zan dai faɗi abin da na gani.

Ya kasance idonmu a kan azurfa. Kun san liyari, kuɗin azurfar nan mai kan mace da fatake ke kawo mana. Wani liyarin yakan zo da aibi, sai rigima ta tashi: haka ya fito daga gidan da ake buga su, ko wani ne ya rage shi a hanya? Badaru yana da suna biyu ga abin. In da aibin aka haifi liyari, sai ya ce tawadar Allah ce. In a duniya ya same shi, sai ya ce tabo ne. Tawada ba laifin kowa ba ce. Tabo kuwa akwai hannu a bayansa.

Ya kasance ba ya gaggawa. Wata ranar kasuwa aka kawo wani bafatake ana jan rigarsa, wai ya tsaga liyari da wuƙa. Badaru ya sa babban yatsansa ya shafa layin da ke jikin liyarin, ya miƙo mini.

"Malam Hambali, rami ka ji ko tudu?"

Na shafa, na ce kamar rami, amma kuma kamar tudu.

Ya yi dariya har ya yi tari. "Kai dai alƙalaminka ya fi ka ido. Tudu ne. Wuƙa ragewa take yi, ina ta ga azurfar da za ta ƙara? Ƙarfen da aka buga shi da shi ne ya tsage. Ku sakar wa bawan Allah riga."

Ya kasance ba ya karɓar ko goro sai ya gama dubawa, kada goron ya shiga idonsa. Mu da muke kai masa, ba mu taɓa tunanin mu koya ba. Muna da Badaru.

Yanzu dole in taɓo abin da kowa ke jira.

Iliyasu na Zandam, ga shi can a ƙarshen tabarma, maƙerin fari ne shi ma. Mairama ta Sara ta kai masa liyarin da ta gada wajen mahaifiyarta, ɗinke cikin fata, ya sa masa kunne ta rataya a wuya. Ya farke fatar ba shaida. Da ta zo karɓa, sai ta ga giɓi a gefen liyarin kamar cizon yaro. Ta ce mahaifiyarta ba ta bar mata guntu ba. Ya rantse haka ya same shi. Tun ranar ba a hura wuta a maƙerarsa ba. Sarkin Maƙera ya ce in tabo ne, Iliyasu ya bar sana'ar ubansa ke nan.

Kwana uku kafin rasuwar Badaru muka kai masa liyarin, da hantsi. Zazzaɓi ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya juya shi, ya shafa, ya sake shafawa.

Ya ce, "Yatsan nan yau ba nawa ba ne. Ku dawo in na warke."

Inna A'i ta ce daga ƙofar ɗaki, "Ku bar shi ya sha kununsa mana. Azurfa ruɓewa take yi?"

Inna, ba laifinki ba ne. Mu ma mun ɗauka akwai lokaci.

Sarkin Maƙera ya ba ni kwana arba'in in duba takarduna. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, sau biyu. Na sami alama ta farko: in da giɓin aka buga liyari, gefen da ke fuskantar giɓin daga ɗaya ɓangaren yakan fito a shafe. Na juya na Mairama, sai na ga daidai wurin ne Iliyasu ya liƙa kunnen, don giɓin ya koma ƙasa kada ya yi muni. Na sami ta biyu: sabon yanka yakan fi jikin liyari haske. Amma wannan ya shiga wuta, an wanke shi da tsamiya, duk jikinsa launi ɗaya. Ta uku kuwa, ga abin da na rubuta da hannuna, ran Talata, shekara shida da suka wuce: "Ya shafa bakin giɓin, ya ce tawada ce." Ban rubuta abin da yatsan ya ji ba. Ban tambaya ba.

Sarkin Maƙera, ranka ya daɗe, ban sani ba.

Abu ɗaya ya rage mini. A cikin shekara goma sha ɗaya, sau huɗu na rubuta Badaru ya ce bai sani ba, kowane karo kuma ya ƙara da cewa, "To, kada a taɓa kowa." Ina roƙo a yi wa Iliyasu haka. Amma ba zan yaudare ku ba. In Badaru ya ce bai sani ba, mutane sukan koma gida da kwanciyar rai, don sun san ba mai sani. Ni in na faɗa, Hambali ne kawai bai sani ba. Ko an buɗe maƙerar Iliyasu gobe, wace mace ce za ta kai masa azurfarta?

Mairama, ba mu ce kin yi ƙarya ba. Iliyasu, ba mu ce ka yi sata ba. Wanda zai wanke ɗayanku ba tare da ya ɓata ɗayan ba, shi muka binne. Ga liyarin, na ajiye shi gaban Malam Liman yadda aka ba ni shi.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya mai da kowa gida lafiya. Allah ya ba Inna A'i da zuri'arta juriya. Allah ya bayyana gaskiyar wannan giɓi tun masu ita suna raye. Badaru kuwa, ya Allah, Kai kaɗai ka san abin da aka haife shi da shi da abin da duniya ta yi masa. Ka yafe masa duka biyun, Ka haskaka kabarinsa.

Amin. A yi masa Fatiha.