Ɗan Takarar da Ya Manta Talata

Ina zaune a rumfar wata tsohuwa mai bandar kifi a bakin tekun garinmu, sai ga wani mutum rungume da takardu masu hotonsa.

"Maame, kujerar kansilan unguwar nan nake nema. Dubi kwale-kwalen can, duk suna kan yashi saboda rashin mai. Ki dangwala mini, zan kawo."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wane mai kuma? Yau Talata, ɗana. Wa ke shiga teku ran Talata, ranar da al'ada ta hana? Yaya sunanka?"

"Kobina."

"Kobina! Haihuwar Talata, ka manta Talata? Ina ka shige haka?"

"Kumasi, shekara talatin da ɗaya." Ya juya ya kalli ruwan. "Mu shida ne, ni kaɗai aka haifa babanmu yana gida, don masunci ne. Ran Talata kaɗai muke cin abinci tare da shi. Na zaci in na ci zaɓe, garin zai sake sanina."

Ta turo masa kujera da ƙafa.

"Ƙuri'ata dai ba ka samu ba. Ajiye takardun nan, ka zauna ka gaya mini sunan babanka."