Zulai da Rakiyar Corniche

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa, da masu sauraro. Ni ce Hafsat daga Mansura, Doha.

Lokacin gasar kofin duniya, Zulai, 'yar ajinmu da ba ta taɓa kula ni ba, ta fara kirana "ƙawas". Na ji daɗi, don ban da littattafan soyayya ba ni da abokin hira. Da la'asar sai ta ce, "Yalla, Corniche!" wato mu tafi wurin shaƙatawa na bakin teku. Muna isa ta zaunar da ni a benci, ta tafi wajen saurayinta. Ni kuwa har murna nake, kamar ina cikin labarinsu.

Ashe mamanta ba ta barin ta fita sai da ni. Rannan matar ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ke kaɗai na yarda da ke." Na kasa ɗaga ido. Yayata ta ce Turawa na kiran irina "doormat", abin goge ƙafa.

Gasa na ƙarewa Zulai ta daina gaishe ni. Jiya ta turo saƙo: "Ƙawas, Juma'a fa?"

Anti, ban da ni, ita kaɗai ce Bahaushiya a ajinmu. Da wane baki zan ce mata a'a?