Ustaza Ikilima da Gaisuwar Tsakiyar Kiɗa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida Umda, mai unguwarmu ta Ƙurban, da Malam Liman, da dattawan da ke jin mu ta lasifika daga majalisi, falon maza da ke ƙasa. Ku yi haƙuri, shayin kirki yana nan sama wajenmu. Ina gaida Ammu, baffanmu Lurwanu, maigidan marigayiya Ustaza Ikilima, da 'yarsu Sundus, da iyayenmu mata.

Ni ce Nadiya Bakri, tsohuwar ɗalibar Ustaza Ikilima. Ni ta bar wa ɗalibanta goma sha ɗaya. Haflarsu ta bana, wato ranar da suke kaɗa wa iyaye abin da suka koya, saura kwana tara, kuma tun rasuwar kowa tambayata yake: za a yi, ko an fasa? Zan zo kan wannan.

Ta kasance tana koyar da fiyano tun zamanin da ba a faɗin haka da ƙarfi. Mahaifiyata ce wa maƙwabta take darasin lissafi nake zuwa. Ustaza ta kasance mai haƙuri da yatsan da ya yi kuskure, amma ba ta yafe wa dogon farce. Ta kasance, fiye da komai, ta san halinmu.

A ɗakin nan aka yi haflarta ta farko. Sumaya Tahir, ga ta can tana ɓoye fuska, wata huɗu ta yi tana bita. Tana tsakiyar kiɗa sai goggonta ta shigo a makare, ta yi sallama. Sumaya kuwa 'yar tarbiyya ce. Ta ɗauke hannu, ta je ta sumbaci kan goggo, ta tambayi ciwon ƙafarta, ta tambayi mutanen unguwar Anbariyya ɗaya bayan ɗaya. Da ta koma kujera, ba ta tuna inda ta tsaya ba. Iyaye suka yi tafi sosai. A wajensu nan ne wurin da ya fi daɗi.

Ustaza ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, “Ba zan cire wa yarinya tarbiyya saboda fiyano ba. Goggonni kuma sun fi ƙarfina.”

Daga nan, duk makon ƙarshe kafin hafla, kina cikin kiɗa sai ta fita, ta yafa abaya, ta dawo tana jan ƙafa kamar goggo: “Salamu alaikum. Kef halik ya binti, yaya kike 'yata? Ina mamarki? Kin rame, ba sa ba ki abinci ne?” Aikinki ki sunkuyar da kai sau ɗaya, ki yi murmushi, yatsu na tafiya. Kika amsa da baki, sai ki ji: “Halas, shi ke nan. Koma daga farko.” Na karanta littattafai a jami'a kan fargabar fita gaban jama'a. Babu marubucin da ya ware babi domin goggo.

Da wannan dabara 'ya'yanmu suka yi shekara ashirin da biyu suna kai kiɗa ƙarshe ba tare da an ce ba su da kunya ba.

Ammu, mun san gidan nan ya yi maka faɗi. Sundus ƙanwata, mun san tun ranar jana'iza sai yau kika iya shigowa ɗakin nan. Wasu sun ce a rufe fiyanon bana, kuma ba su yi laifi ba. Yara sun daina bita suna jira, don hukuncin naku ne.

Jiya bayan la'asar na tambayi Ammu. Ya ce, “Ya binti, ni duk kiɗan nan iri ɗaya nake jin sa. Tambayi Sundus.” Na juya wajen Sundus. Ta ce, “A yi. Amma abayar Ummi ni zan yafa, ni zan shigo musu da sallama. Na fi kowa iya muryar.”

Saboda haka, ɗalibai, gobe bayan la'asar akwai bita.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah Ya jiƙan Ustaza Ikilima, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sa mala'iku su tarbe ta da sallama. Allah Ya ba iyalinta haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.