Karatuna Ya Cinye Gonar Babana

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta zauna tare da ku. Sunana Garba. An haife ni a wani ƙauyen Hausawa kusa da Managil, inda babana yake da hawasha, wato gonar audugar da hukuma ta ba shi.

Da na sami shiga jami'a a Khartum, ko kuɗin mota ba mu da shi, balle na tufafi da littattafai. Baba ya je wurin wani attajiri ya ci bashi a kan dawar da bai ma shuka ba. Haka ya dinga yi kowace shekara har na gama. Sun shirya a kan albashina ne zai biya.

Albashi bai zo ba. Duk ofishin da na shiga neman aiki sai a tambaye ni jinsiya, takardar zama ɗan ƙasa. In ce a nan aka haife ni, a ce ai kakana daga yamma ya zo. Ina yawo, bashi yana haihuwa. Attajirin ya kwashe dawa, ya kora awakin Inna, daga baya hawashar ta koma hannun ƙanin attajirin. Baba ya zama ɗan ƙwadago a gonar da a da tasa ce.

Na kasa haɗa ido da shi. Na gudu Damazin ina dakon siminti, abin da na samu ya ƙare a aragi, giyar dabino. A can labarin rasuwar Baba ya iske ni, an riga an rufe shi. Ɗan saƙon ya ce har ya cika yana cewa, "Kada ku matsa wa Garba, zai samu aiki."

Ran nan na nufi kogi, ban yi niyyar dawowa ba. Yohanna, wani lebura mutumin kudu da muke ɗaki ɗaya, ya biyo ni. Bai yi mini wa'azi ba. Ya riƙe hannuna gam, ya durƙusa yana addu'a yana kuka. Ni ma gwiwata ta kai ƙasa. Na ce, "Ya Yesu, in kana ji, na gaji."

Ya ji ni, 'yan'uwa!

Ban sake taɓa aragi ba. Na soma koya wa 'ya'yan 'yan kasuwa karatu, kaɗan-kaɗan har na sallami attajirin. Hawashar ba ta dawo ba. Inna tana tsufa a ɗakin aro, har yau ba ta so a ambaci jami'a a gabanta.

Na gode wa Ubangiji da ya bar ni da rai ina ciyar da ita. Wanda bashi ya shaƙe a cikinku, ya dogara gare shi, kada ya ɓuya shi kaɗai. Ya zo mu durƙusa tare. Amin.