Igiyar Rijiyar Zango

A rumfar mai shayi, cikin kasuwar raƙuma ta Daraw, Dafallah na kurɓar shayi, hannunsa na hagu riƙe da ƙugun wandonsa. Sai wani baƙo ya zauna gefensa yana naɗe doguwar igiya.

"Igiya mai kyau, ɗan'uwa. Ina ka samo?"

"Kyautar Allah, Baba! A rijiyar zangon ƙarshe na tsince ta. Wani sakarai ya manta."

"Ba mantuwa ba ce. Ana barin ta ne don ayarin baya."

"Na baya su zo da tasu mana. Ni ubansu ne?"

"Ai sun zo, raƙumansu na kukan ƙishi. Suka ƙulla rawunansu, ba su kai ruwa ba, suka ƙara da mazagin wando. A gugan ƙarshe ƙulli ya kwance, rijiya ta haɗiye duka."

Baƙon ya tuntsire da dariya. "Wallahi na so a ce na ga wannan ayari!"

Dafallah ya ajiye kofi, ya damƙi igiyar.

"Ga madugunsu. Sakar mini ita, kafin in saki wandon nan in kama ka da hannu biyu."