Ƙasar da Ba a Ce wa Baƙo Bismilla

A jirgin ruwan da ya taso daga tashar St. George a birnin New York, Malam Alkasim, wani dattijo ɗan Nijar, yana cin shinkafa da wake a roba. Kusa da shi wata 'yar Ghana ce cikin kayan aikin jinya. Ba su san juna ba, Hausa ce kawai ta haɗa su.

Ya nuna mata waya ya ce, "'Yata ce a Sweden. Wai tunda uwarta ta rasu, in koma wurinta. Yau take son amsa."

"To Baba, me za ka ce mata?"

"A'a mana! A labarai na karanta, can in ɗan maƙwabta ya zo wasa, lokacin abinci ya yi, sai su bar shi a ɗaki su je su ci abinsu."

"Kai!"

"Wallahi. Ga ilimi ga dukiya, amma loma ɗaya ta gagare su. Ni zan zauna cikin waɗannan?"

"Shekararka nawa a New York?"

"Ashirin da shida."

Ta leƙa robar, ta ga saura cokali biyu.

"Baba, tun da jirgin nan ya tashi kake ci a gabana, ko bismilla ba ka ce mini ba. Tafi wurin 'yarka. Ba wanda zai gane kai baƙo ne."