Takalmin da Ba Nawa Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali? Ni ne Habu mai hatsi, daga Darki.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je cin kasuwar Wudil, na tsaya sallah. Da aka sallame na zura takalmi na kama hanya. Ban yi nisa ba wani dattijo ya riƙo rigata, ya ce, "Haba Malam, da furfurarka?" Ina dubawa sai ga sabon takalminsa a ƙafata, ya matse ni har yatsa na jini. Mutane suka taru, wani ya ce ɓarawon takalmi ne. Na ce wallahi ban ji bambanci ba, aka kwashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

'Yata ta kai ni asibiti. Likita ta taɓa tafin ƙafata da wani siririn tsinke, ban ji komai ba. Ta ce bincike ya nuna ciwon suga kan lalata jijiyoyin ƙafa a hankali, kuma har yanzu masana na neman abin da zai farfaɗo da su. Ta ce in riƙa duba ƙafata kullum.

Jama'a, ku ba ni shawara, da wane ido zan koma masallacin nan? Ina gaida dattijo mai takalmi in yana sauraro. Alhaji, ƙafata ce ba ta ji, amma kunnena ya ji sunan da aka kira ni.